An haɗa mini ƙasusuwa da al'ada a zango ɗaya, ta ina zan kama?

Sabuwar malama:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shawara nake nema. Sashenmu ya ɗora mini kwas ɗin gabatarwa na ilimin nazarin ɗan Adam, wato antirofoloji, ga 'yan shekarar farko. A da malamai biyu ne ke riƙe da shi. Ɗaya yana koyar da ɓangaren jiki: ƙwayoyin gado, tsoffin ƙasusuwa, bambancin halittar mutane. Ɗayan yana koyar da ɓangaren al'ada: aure, dangantaka, addini, neman abinci. Yanzu an dunƙule su cikin zango ɗaya an miƙo mini. Ni a ɓangaren al'ada na yi digirina na biyu, ƙasusuwan nan sanin shanu na yi musu.

Ɗaliban suna ɗaukar abin a matsayin darussa biyu da ba su haɗa komai ba. Haddar sunaye kawai suke yi, su juye a takardar jarrabawa su wuce. Ranar da na taɓo juyin halitta kuwa, wani ya miƙe ya ce shi dai kakansa ba biri ba ne, aji ya kwashe da dariya, laccar ba ta sake daidaituwa ba. Ba mu da ɗakin gwaji, ko ƙoƙon kai na roba babu, ga aji cike maƙil. Don Allah waɗanda suka riga ni, da wanne zan fara, kuma me zan zubar?

Farfesa mai ritaya:

Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta "da wanne zan fara" ita ce tarkon. Muddin kika raba zangon gida biyu, kin tabbatar wa ɗalibai abin da suke zato. Ki fara da al'amari guda wanda ba ya fahimtuwa sai da ɓangarorin biyu, kuma ban san wanda ya kai sikila ba.

Ki shiga aji ki rubuta AA, AS, SS a allo. Ki sa su lissafa da kansu: idan uba AS ne uwa ma AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan lissafin Mendel ne, masanin yadda ake gadon halitta, na 1866, kin koyar da shi ba tare da kin tsorata kowa ba. Daga nan ki jefa musu tambayar: ƙwayar gadon da ke wahalar da yara haka, har ta kashe da yawansu kafin su yi aure, me ya hana ta ƙarewa tuntuni? Ki bar su su yi ta musu. Idan sun gaji, ki kawo Anthony Allison, wanda a 1954 ya nuna daga binciken da ya yi a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A inda zazzaɓin ya yi katutu, mai AA yana cikin haɗarin sauro, mai SS yana cikin haɗarin sikila, na tsakiya ne ke rayuwa ya haifa. Shi ya sa ake samun ƙwayar a Afirka, da wasu sassan Indiya, da yankin Larabawa, da gaɓar Bahar Rum.

Kada ki tsaya nan, domin daɗin yana gaba. A 1958 Frank Livingstone ya kawo hujjar cewa a Afirka ta Yamma noma ne ya buɗe wa sauro hanya: mutane suka sare daji, rana ta sauka ƙasa, ruwa ya kwanta a ramuka, jama'a suka zauna wuri guda suka yi yawa. Ke nan yadda mutane suka zaɓi neman abinci ya sauya abin da ke cikin jinin jikokinsu. To ki tambaye su, wannan darasin jiki ne ko na al'ada? Ba za su iya raba shi ba. Madara ma haka take: yawancin manya a duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin da ke cikinta da kyau, amma al'ummomin da suka daɗe suna kiwo a arewacin Turai da Gabashin Afirka sun samu wannan ikon, kuma ta sauye-sauyen ƙwayar gado daban-daban.

Kin ga kin koyar da yadda yanayi ke zaɓe a cikin halitta, babu wanda ya ambaci biri.

Dakta daga sashen bayoloji:

Allah ya ƙara wa Farfesa lafiya, na yarda da wannan mafari ɗari bisa ɗari. Sai dai, Malama, maganar birin za ta dawo, ki shirya mata. Abin da ɗalibin ya faɗa ba shi ne masana ke cewa ba. Babu mai cewa birin da muke gani yau ne ya haifi mutum. Abin da suke cewa shi ne mutum da cimpanzi, wani nau'in babban biri, sun haɗa tushe guda wajen shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce, kowane ya bi reshensa. Ko ɗalibi zai ƙi maganar, ya ƙi ta yadda take.

Game da ƙasusuwa, ki daina jero musu sunaye ashirin. Biyar sun isa, kowane da tambayar da yake amsawa. Ɗan Taung, ƙoƙon kan wani yaro na zamanin da, wanda ya zo hannun Raymond Dart a Afirka ta Kudu a 1924. Kwarangwal ɗin da ake kira Lusi, da tawagar Donald Johanson ta tono a Hadar ta Habasha a 1974, mai shekara miliyan 3.2. Sawun ƙafa na Laetoli a Tanzaniya, da tawagar Mary Leakey ta gano a 1978 cikin tokar aman wuta mai kimanin shekara miliyan 3.6. Kwarangwal ɗin da ake kira Yaron Turkana, da Kamoya Kimeu ya gano a Kenya a 1984. Sai ƙasusuwan mutane irinmu na Jebel Irhoud a Maroko, waɗanda a 2017 aka ƙiyasta musu wajen shekara 300,000.

Rashin ɗakin gwaji ba ya hana komai, kowane ɗalibi ya zo da kwarangwal ɗinsa. Ki ce su dafa ƙeyarsu su ji inda kai ya zauna bisa wuya. Ramin da lakar gadon baya ke fita ta cikinsa yana ƙarƙashin ƙoƙon kanmu, na dabba mai ƙafa huɗu yana can baya. Da irin wannan alama Dart ya ce ɗan Taung a tsaye yake tafiya. Ki tsayar da mutum ɗaya ya haɗe ƙafafunsa, a duba yadda ƙashin cinya ya karkato daga ƙugu zuwa gwiwa. Ki ce su cire takalmi su dubi babban yatsa yadda ya jeru da sauran, sannan ki nuna hoton sawun Laetoli. Gani ya kori ji. Gidan tarihi na Smithsonian da ke Amurka yana da hotunan ƙoƙunan kai a intanet waɗanda ake jujjuyawa a waya, kyauta.

Kuma kada ki ɓoye musu abin kunyar fannin. A 1912 an fito da wani ƙoƙon kai a Piltdown ta Ingila aka ce shi ne tsohon kakan mutum. Sai a 1953 aka tabbatar jabu ne, kan mutum aka haɗa da muƙamuƙin biri nau'in orangutan, aka goge haƙoran. Shekaru da dama wannan jabun yana cikin abin da ya sa aka yi watsi da maganar Dart a kan ɗan Taung. Ɗalibai suna son labarin nan, kuma yana nuna musu yadda ake kama ƙarya da gwaji.

Wani malamin tarihi:

Ni fa a ganina, Malama, ki tsallake babin juyin halittar nan kawai ki zauna lafiya. Mako biyu ne a manhaja. Me ya yi zafi da za ki ja wa kanki surutu a shekararki ta farko?

Farfesa mai ritaya:

Malam, ban goyi bayan wannan ba. Ɗalibin da aka ɓoye wa babi zai gamu da shi a shekara ta uku ko a wani wajen, ya ce an cuce shi. Abin da na riƙa faɗa wa ajina tun ranar farko shi ne: a jarrabawa ba zan tambaye ka abin da ka yi imani da shi ba, wannan tsakaninka da Ubangijinka. Zan tambaye ka wace hujja masana suka kawo, ta yaya suka auna shekarunta, ina rauninta. Haka muke koyar da addinan wasu al'ummomi ba tare da mun ce kowa ya bi ba. Abin da ba a yi shi ne malami ya yi wa imanin ɗalibi ba'a, ko ya mayar da lacca fagen muƙabala. Mai son doguwar magana ya same ki a ofis.

Tsohuwar ɗalibar kwas ɗin:

Ku yi haƙuri in sa baki a maganar manya. Ni ɗaliba ce na yi wannan kwas, kuma wallahi sunayen Latin ɗin nan duk sun gudu. Abin da ya zauna mini shi ne aikin zana dangi. Malaminmu ya koya mana alamomin: alwatika namiji, da'ira mace, layi biyu aure. Ya ce kowa ya je ya samu dattijo a danginsa ya zana zuriya huɗu, ya rubuta sunan da yake kiran kowane mutum da shi, da wanda ya halatta ya aura da wanda bai halatta ba. Da muka dawo ya haɗa mu da 'yan aji masu wani yare. Nan aka ga abin mamaki: wanda ni zan iya aura, a wajen ƙawata ɗan'uwa ne na jini da ko zancen ba a yi. Jini iri ɗaya, hukunci daban. Babu laccar da za ta koya mini haka.

Sai labarin rumbun al'ummar Azande. Evans-Pritchard, wani masanin wannan fanni ɗan Ingila, ya zauna da su a yankin da yau yake Sudan ta Kudu, littafinsa ya fito a 1937. Rumbu ya faɗo kan mutanen da ke hutawa a inuwarsa, aka ce maita ce. Muka yi dariya. Malam ya ce ku dakata, Azande sun san sarai gara ce ta cinye ƙafafun rumbun. Tambayarsu ita ce me ya sa ya faɗi a daidai lokacin da waɗannan mutane ke ƙarƙashinsa. Ya ce wa zai amsa wannan da ilimin gara? Aji ya yi tsit.

Malama daga sashen nazarin zamantakewa:

Ƙanwata, abin da ba a taɓo ba shi ne littattafan da za ki tarar a laburare. Da yawansu tsoffi ne, cike da jera al'ummomi a kan tsani, wasu a ƙasa ana kiransu marasa wayewa, Bature a ƙoli. Idan kika miƙa wa ɗan shekarar farko ba bayani, ko dai ya haɗiye ko ya tsani fannin baki ɗaya. Ki ware lacca guda ki faɗi gaskiya: fannin nan ya girma ne a inuwar mulkin mallaka. Ki ba su labarin Sarah Baartman, 'yar Afirka ta Kudu da aka riƙa nunawa a Landan da Faris, ta rasu a 1815, aka ajiye sassan jikinta a gidan tarihi, ba a mayar da ita gida an binne ba sai 2002.

Amma ki nuna musu cewa daga cikin fannin ne aka rushe tsanin. Franz Boas ya auna kawunan baƙin haure da 'ya'yansu kusan 18,000 a New York, rahotonsa ya fito wajen 1911, ya nuna siffar kan yaran da aka haifa a Amurka ta ɗan bambanta da ta iyayensu. Abin da ake ɗauka tambarin asalin mutum ne da ba ya sauyawa, ashe muhalli yana taɓa shi. A 1972 kuma Richard Lewontin ya lissafa cewa kimanin kashi 85 cikin 100 na bambancin ƙwayoyin gadon mutane yana cikin kowace al'umma ne, ba tsakanin manyan jinsunan mutane irin su baƙaƙe da farare ba. Wannan ma wata gada ce tsakanin ɓangarorinki biyu.

Inda nake ɗan saɓa wa masu koyar da fannin shi ne yadda wasu ke cewa kowace al'ada daidai take a wurinta, shi ke nan. Ɗalibi mai kaifi zai tambaye ki, har da wadda ke cutar da yara? Abin da masanin fannin Malinowski ya yi a tsibiran Trobriand, kusa da New Guinea, tsakanin 1915 da 1918, ya koyi yarensu ya zauna cikinsu, hanya ce ta fahimtar abu kafin a yanke masa hukunci. Fahimta daban, amincewa daban. Ki bambance musu tun wuri.

Sabuwar malama:

Allah ya saka muku da alheri, kun sauke mini kaya. Zan buɗe da sikila kamar yadda Baba Farfesa ya ce, in bi da madara da launin fata, sannan ƙasusuwa biyar na Dakta. Aikin zana dangi zan ba su tun mako na biyu don su samu lokacin zuwa wurin dattawa. Sai dai abu ɗaya: da yawan ajin nan, yaushe zan gama duba zanen kowa ni kaɗai? Kuma akwai waɗanda ba za su so a san sirrin gidansu ba, marayu da 'ya'yan da iyayensu suka rabu.

Malama daga sashen nazarin zamantakewa:

Kada su rubuta sunan kowa, lambobi kawai da sunan dangantaka. Wanda bai son na gidansu ya zana na wani dattijo da ya ba shi izini, kada ki tambaye shi dalili. Neman izinin ma ki sa masa maki, domin shi ne darasin farko na mai bincike. Wajen dubawa, ki raba su biyar-biyar. Kowa ya yi nasa zanen, amma rukuni ya miƙo shafi ɗaya tak da ke kwatanta biyar ɗin, a liƙa zanukan a baya. Shafin za ki ba maki, zanukan ki leƙa ki tabbatar an yi.

Dakta daga sashen bayoloji:

Ki turo mini jadawalin makonnin idan kin gama in duba ɓangaren ƙasusuwan. Idan laccar auna shekarun duwatsu ta zo, ki sanar da ni da wuri, zan shigo in ɗauke miki ita.