Binuwai reshen Kwara ne? Neman kalmar Hausa ga "tributary"

Jama'a, ku taya ni gani. Sau da yawa a nan Kano "reshen kogi" nake ji ana ce wa abin da Bature ke kira tributary, wato kogin da ke juye ruwansa cikin wanda ya fi shi. Ni dai kalmar ba ta kwanta mini ba.

Ku dubi Kwara. Ya taso daga tsaunukan Gini, ya bi Bamako, ya sha kwana daf da Tumbutu, ya gangaro Yamai ya shigo Najeriya, tafiyar kusan kilomita 4,200. Kogin Bani ya same shi a Mopti, a nan gida ga Gulbin Sakkwato ga Kaduna, sai babbansu Binuwai, ɗan Kamaru, da ya riske shi a Lakwaja. Duk kawo masa ruwa suke yi. Reshe kuwa daga jikin bishiya yake fita, abin da gindi ya ba shi yake sha. Rassan Kwara na gaskiya suna can kudu da Anaca, inda ya rabu gida biyu, Nun da Forcados, kafin ya faɗa teku. In mai shigowa reshe ne, mai fita ma reshe, yaya ɗalibi zai bambance?

Rafi ko ƙorama? Haba, raini ne ga Binuwai mai kilomita 1,400, wanda a da jirage ke hawa da damina har Garwa.

Shawarata: saiwa. Ita ke jawo ruwa ta kai wa gindi, kuma kowace da ƙananan saiwoyinta. Ku gwada a baki: Gongola saiwar Binuwai ce, sun haɗu a Numan, Binuwai kuma saiwar Kwara. Af, Kogin Kano da Chalawa ba sa cikin wannan dangi, saiwoyin Haɗeja ne, ruwansu Tafkin Chadi ya dosa.

Wani malamin labarin ƙasa ya ce mini jin saiwa zai sa yaro ya zaci inda kogi ya ɓulɓulo ake nufi. Na ce Malam, ai wannan mafari ne, inda biyu suka gamu kuma mahaɗa.

Mutanen Yawuri da Argungu, ku tambayo mana Sarkawa yadda suke faɗa a bakin ruwa. In suna da tasu, na janye tawa.