A ina zan sami hayar keken guragu na kwana biyu a York?

Assalamu alaikum. Ranar Juma'a zan kai Hajiyarmu York daga Landan, mu kwana biyu. Na riga na yanki tikitin jirgin ƙasa daga tashar King's Cross, irin wanda ba a mayar da kuɗi.

Jiya gwiwarta ta dama ta kumbura, ba ta iya tafiyar minti goma sai ta nemi wurin zama. Hawa ganuwar birni da hasumiyar babban cocin York Minster mai matakala 275 tuni muka haƙura da su. Amma ta ƙwallafa rai sai ta shiga cikin Minster ɗin, ta ratsa lungun Shambles, ta kuma ga gidan tarihin jiragen ƙasa da ke bayan tasha. Shekara uku tana yi mini maganar tafiyar nan, ba zan iya ce mata a fasa ba.

Na kira masaukinmu, sun ce ba su da keke. Wani shago ya ce hayarsu daga mako guda take farawa, kuma sai an yi oda kwana biyar kafin nan. Wani kuma na tura saƙo sau biyu, shiru.

Don Allah, a ina kusa da tashar York zan karɓi keke mai naɗewa ranar Juma'a in mayar Lahadi?