Zorkin babana tana yanke wa mutane hula

Ɗan Garwa:
Salamu alaikum jama'a. Da damina muka buɗe akwatin ƙarfen marigayi babanmu, na tsinci kyamararsa Zorki 4, ƙirar Tarayyar Sobiyet, da gilashin Jupiter-8 mai milimita 50. Da ita ya ciyar da mu kafin waya ta kashe sana'ar. Na sa aka kawo min fim daga Yawunde, na gwada ta ranar sunan ɗiyar yayata. Hotunan da na ɗauka a gadar Binuwai sun fito lafiya lau. Amma kawunmu da ya raɗa suna, na tsaya kamar mita ɗaya daga gabansa, sai ga rabin hularsa babu, aikin gaban babbar riga ya cika hoton. Wallahi a tagar leƙe hular tana nan cif. Kawu bai ce uffan ba, ya dai miƙo min hoton. Kyamarar ce ta lalace ko hannuna ne?

Malam Mai Hoto, Marwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, lafiyarta ƙalau, haka aka haife ta. Juya ta ka duba: tagar da kake leƙawa tana sama, ta ɓangaren hagunka, gilashin da ke ɗauka kuma yana ƙasa da ita da kamar yatsa uku. Ido biyu ne, kowa da inda yake kallo. Paralaks ake ce masa.

Abin da yara ba su ganewa shi ne, yatsa ukun nan ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. A mita 10, gilashin 50 yana kwashe faɗin mita 7 da ɗoriya, wa zai lura da yatsa uku? A mita ɗaya kuwa tsayin hoton duka bai kai rabin mita ba, nan take hula ta tafi. Zorki 4 ba ta da layukan da ke nuna iyaka, bakin tagar ne kawai, shi ma yana gocewa in idonka bai zauna tsakiya ba. Mu dai in mutum ya matso ƙasa da mita biyu, sai mu bar sarari a kansa da hagu. In ka tsayar da kyamarar a tsaye, gocewar ma ta juya, ka tuna. Kuma kada ka taɓa canza saurin shata, wato labulen da ke buɗe wa haske hanya, kafin ka ja fim, nan ne ake kashe Zorki.

Hajara, Injamena:
Malam ya gama magana. Sai dai ko masu tsadar ba su tsira ba. Leica M3 ta 1954 tana da fararen layukan iyaka a tagarta na gilashin 50, 90 da 135, suna zamewa ƙasa da dama yayin da kake saita abu na kusa. Duk da haka girman layin na nisa guda aka auna shi, na kusa, don haka daga nesa fim yana kwaso fiye da abin da layin ya nuna. Ni Yashica Electro 35 nake riƙewa, ita ma layinta yana motsi, amma sau nawa jelar akuya ta shigo min hoto ban gayyace ta ba.

Bappa Ngaundare:
Ka duba negatif, wato fim ɗin da aka wanke, tukuna kafin ka zargi ƴar Rasha. Fim milimita 24 da 36 ne, takardar hoto mai santimita 13 da 18 ba ta ɗauke shi duka, injin wanki ma yana cin gefe.

Ɗan Garwa:
Bappa, na ɗaga negatif a rana, can ma hular a yanke take. Malam, na cire murfin baya, na sa shata a B don ta tsaya a buɗe, na manna takardar kwafi mai shara-shara a gurbin fim, na saita kalandar shagonmu daga mita ɗaya. Hoton ya fito kai ƙasa, amma a fili na ga layin sunan wata ya ɓace, alhali a taga ina karanta shi. Saura fim guda gare ni. Ran Juma'a bayan masallaci zan koma wurin Kawu, in ya yarda ya sake tsayawa.