Don Allah a taimaka, cajin wayata ba ya kai la'asar

Maman 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, raina ne a jagule. Ni sana'ata dambun nama da cincin da alkaki, kuma duk cinikina ta WhatsApp nake yi. Na ɗora hoto a sitatus, mai so ya yi magana, ya turo kuɗi, na ba yaro ya kai. Wayar nan maigidana ne ya saya mini lokacin da na haifi 'yan biyu, ita ce ma barkar da ya yi mini, don a lokacin yana da ɗan hali, kafin ya bar wajen aikin da yake. Har yau akwai masu jin haushin wayar nan a cikin dangi, ba sai na kama suna ba, har cewa aka yi wai ni na tilasta masa, alhali Allah ya sani ban taɓa buɗe baki na roƙa ba. To a da sai na manta rabon da na sa ta a caji. Yanzu in na karɓo ta a cike da safe, kafin azahar ta koma rabi, la'asar ta ɗauke. Ranar Juma'ar da ta wuce wata mata ta so na yi mata kayan gara, cincin da alkaki masu yawa, ta yi ta kira waya a kashe, ta ba wata. Sai da na yi hawaye. Unguwarmu sabuwa ce, can bayan gari, wuta sai an ga dama, shagon caji nake aikawa. Maigida ya ce kallon TikTok ne, ni kuwa ba wani kallo nake yi ba. Adashina sai bayan sallah. Me zan taɓa a setin? Don Allah kada a ce na sayi sabuwa.

Uwar Gida Sarautar Mata:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya mayar miki da alheri. Ai mazan nan komai ya lalace sai su ce TikTok. Nawa ko gishiri ya yi yawa a miya sai ya ce waya nake dannawa, shi kuwa har ƙarfe ɗayan dare yana kan ƙwallo. Ki share shi kawai.

Mai Gyara:
Hajiya, kin ba mu labarin dangi amma ba ki faɗi abin da muke buƙata ba. Shekarar wayar nawa a hannunki? Layi nawa ne a ciki? Tana zafi? Bayanta ya taso? Amsa waɗannan tukuna.

Kafin nan ga abin da na sani, don aikina ke nan. Babban mai shan caji a waya shi ne hasken fuskarta. Yawancin matan da ke kawo mini waya, in na duba sai na tarar hasken yana ƙarshe, kuma an saita fuskar ba ta mutuwa sai bayan minti 5 ko 10. Ki rage hasken zuwa ƙasa da rabi, ki mayar da lokacin mutuwar fuska sakan 30. Wannan kaɗai za ki ga bambanci yau ɗin nan.

Na biyu, kuma shi nake zargi a kanki: kin ce bayan gari kike. Inda sabis ba shi da ƙarfi, waya ƙara ƙarfinta take yi tana neman turken sabis, ko kina amfani da ita ko tana ajiye. In layi biyu ne, aikin ya ƙaru. Ki kashe layin da ba ki amfani da shi. In 4G tana zuwa tana ɗaukewa a gidanku, ki tsayar da wayar a kan 3G. Da daddare in za ki kwanta, ki danna alamar jirgin sama ko aƙalla ki kashe data.

Sai ki shiga setin WhatsApp ki hana shi sauke hotuna da bidiyo da kansa. Na tabbata kina cikin guruf sama da goma, kowa na turo wa'azi da bidiyon biki, wayar na ta saukewa. Ki kashe lokeshan da Bluetooth. Ki kunna tsarin tsimin batir da ke cikin wayar, ba sai ta kusa mutuwa ba, tun safe. Sannan ki shiga wajen batir a setin, zai jera miki manhajojin da suka fi shan caji tun daga na sama. Ki ɗauko hoton ki turo nan, a daina gardamar TikTok, wayar da kanta za ta ba da shaida.

Maman 'Yan Biyu:
Na gode Malam. Amma hasken nan in na rage ba na ganin komai, a tsakar gida nake suya. Kashe data da daddare kuma ba zai yiwu ba, kwastomomina da daddare suka fi magana, in ban amsa da wuri ba su tafi wajen wata. Layi biyu ne, ɗaya na kasuwa, ɗaya na 'yan uwa, mahaifiyata a ƙauye ta shi take samuna. Wanne zan kashe?

Dattijon Zaure:
'Yata, ki bar dogon turanci. Batir horo yake so. Ki bari ya mutu murus, sannan ki sa shi a caji ki ƙyale shi awa takwas ba ki taɓa ba. Haka muke yi tun farkon zuwan salula, kuma wayata ta farko sai da na gaji da ita na ba da kyauta, batirinta bai taɓa ba ni matsala ba.

Mai Gyara:
Baba, da girmanka, wannan shawarar ta zamanin batirin nikel ce. Wayoyin yanzu batirin litiyam ne a cikinsu, shi kuwa ba ya son a bar shi ya mutu murus, kuma ba ya son ya daɗe a kan 100. Tsakanin 20 da 80 ya fi jin daɗi. Shi ya sa Samsung da iPhone suka sa wani tsari da ke tsayar da caji kafin ya cika ko ya jinkirta cikawar. In barinsa ya mutu magani ne, ai da Hajiya ta warke, tunda kullum la'asar tata mutuwa take.

Dattijon Zaure:
To, ku ne masu ilimin. Mu dai mun ga jiya mun ga yau.

Ɗan Keke:
Oga Mai Gyara, maganarka gaskiya ce a takarda, amma ka manta inda muke. Mutum ya biya kuɗin caji a shago, sannan ka ce ya cire a 80? Sauran 20 ɗin wa zai bar wa? Wannan dokar ta masu wuta awa 24 ce. Mu a layinmu taransifoma ta lalace tun kafin azumi, an tara kuɗi gida-gida, an sake tarawa, har yau shiru, kuma wanda ya karɓi kuɗin yana nan yana yawo da sabon mashin. Kuma takardar kuɗin wuta ba ta fasa zuwa ba. Ni a kan keke nake caji, da wannan nake rayuwa.

Ɗaliba:
Anti, ki riƙa share duk manhajojin da kika buɗe bayan kin gama, ki kuma sauke irin manhajar nan mai wanke waya da sanyaya batir. Ni ita nake amfani da ita. Sannan ki mayar da fuskar baƙa, yana rage shan caji sosai.

Mai Gyara:
Kada ki sauke komai, Hajiya. Waɗannan masu "wanke waya" su ma manhajoji ne, a bayan fage suke zaune suna cin caji suna jefo miki talla. Babu manhajar da ke sanyaya batir. Yawan share manhajoji ma bai da amfanin da ake zato, don duk wadda kika share, in kin sake buɗewa sai wayar ta tayar da ita daga farko. Baƙar fuska kuwa tana taimakawa ne in gilashin wayar AMOLED ne, don shi inda baƙi yake a kashe yake. In LCD ne, fitilar bayansa a kunne take ko fari ko baƙi.

Ɗan Keke, na yarda da kai rabi. Wanda ba shi da wuta ya cika abinsa. Amma zafi fa? Shi ne ke kashe batir a ƙasar nan fiye da komai. Kamfanin Apple mai yin iPhone ya rubuta cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana iya lalata ƙarfin batir har abada, mu kuwa a Kano watan Afrilu muna haura 40. Ku leƙa shagon caji ku gani: rumfar kwano, janareto na ruri a gefe, wayoyi jibge a kan juna cikin akwatin katako, kowace da rigarta ta roba. In aka miƙo maka taka sai ka sauya hannu don zafi. Hajiya kuma ta ce a tsakar gida take suya. Ina kike ajiye wayar lokacin da mai ke kan wuta?

Maman 'Yan Biyu:
A kan turmi nake ajiyewa kusa da ni, don na ji shigowar saƙo. Amma ai ba a cikin wutar nake sa ta ba. Kuma yaron shagon cajin nan yaron kirki ne, ɗan maƙwabtanmu ne, wani lokacin ma ba ya karɓar kuɗina. Ba zan ce shi ya lalata mini waya ba. Na gwada 3G ɗin da ka ce, hoto ɗaya sai da ya daɗe yana juyawa kafin ya hau sitatus, na mayar da ita yadda take.

Ɗan Keke:
Ka ji ko? In abu ya daɗe yana hawa, fuska a kunne, ina ribar? Hajiya ki nemi fawa bank kawai, magana ta ƙare.

Uwar Gida Sarautar Mata:
Fawa bank? Hmm. Na sayi wani an rubuta ƙarfinsa 30,000 a jikinsa, nauyi kamar dutsen guga, ko sau ɗaya bai cika mini waya ba. Na mayar, mai shagon ya rantse bai taɓa ganina ba. Allah ya isa dai.

Mai Gyara:
Ko mai kyau ne, lambar da ke jiki ba duka ke shiga waya ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, saura yana tafiya wajen sauya ƙarfin wuta da zafi. Mai ƙarfin 10,000 zai cika waya mai batirin 5,000 sau ɗaya da ɗan ƙari, ba sau biyu ba. Amma duk wannan kewaye ne. Hajiya, har yanzu ba ki faɗi shekarun wayar ba, kuma ba ki turo hoton da na ce ba. Batir yana da iyaka. Ko Apple cewa ya yi na iPhone 14 zuwa ƙasa yana komawa kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cika da ƙarewa sau 500. Mai caji kullum, lissafa da kanki. 'Yan biyun nan sun shiga makaranta?

Maman 'Yan Biyu:
Suna aji ɗaya a firamare. Amma wallahi wayar ƙalau take, ko tsagewa babu. Hoton kuma zan turo, yanzu hannuna da ƙullu. Bayanta dai ya ɗan ɗago ta gefe ɗaya, amma tun da Hassan ya yar da ita ne, na sa roba na ɗaure, ba wani abu ba ne.

Mai Gyara:
Innalillahi. Hajiya, wannan ya kamata ki fara faɗa, ba labarin dangi ba. Batir ne ya kumbura yake turo murfin. Ki daina sa ta a caji, kada ki matsa ta, kada ki kwana da ita ƙarƙashin filo, kuma ki raba ta da yara da wajen suya. Yana iya kamawa da wuta. Babu setin da zai gyara wannan. Ki kai a canza batir, kuɗinsa bai kai ko kusa da na sabuwar waya ba.

Maman 'Yan Biyu:
Malam kada ka tsorata ni mana. Ai ta daɗe a haka ba abin da ya faru. Kuma ƙanwata ta kai tata an canza batir, aka sa mata na banza, aka kuma kwashe mata hotuna, har yau ba ta huce ba. Ni ba zan bar wayata a hannun wani ba, duk lambobin kwastomomina da hotunan iyalina suna ciki. Ni setin na tambaya.

Dattijon Zaure:
Ki sa ta a cikin shinkafa ta kwana.

Ɗaliba:
Baba wannan ai wadda ta faɗa ruwa mutane ke yi wa.

Mai Gyara:
Ba kowane mai gyara ne ɓarawo ba, Hajiya, kuma wannan maganar ta yi mini ciwo. Ki je ki tsaya a kansa ya canza a gabanki, ba ya ɗaukar lokaci. Ki turo hoton bayan wayar na gani.

Ɗan Keke:
Oga, tunda ana maganar, ni tawa in ta kai 30 sai ta faɗo 5 lokaci guda, kuma bayanta bai taso ba. Ita ma batirin ne ko cajar keke ce?