Wanda ya biya wa wani kuɗin lauya, dole a faɗi sunansa a kotu?

Baban Ummi: Salam jama'a. Ni fa ra'ayina duk wanda ya zuba kuɗi a shari'ar da ba tasa ba a bayyana shi gaban alƙali, in aka faɗi kuma ya biya abin da ɗaya ɓangaren ya kashe. Ku duba rikicin filaye nan Tumfure, magada ko kuɗin keke napep zuwa kotu babu amma sai ka ga babban lauya ya tsaya musu, ashe wani dillali ne a baya an yi da shi in an ci zai kwashi fuloti biyu.

Maman Sadiq: A'a Baban Ummi, wallahi ban yarda ba. Marainiya an danne mata gado, kawunta ya sayar da buhunan masara ya ɗaukar mata lauya, sai a ce shi ma ya biya in an faɗi? To wa zai ƙara taimakon wani?

Baban Ummi: Hajiya kawu ai don Allah ya yi, ni mai neman riba nake nufi.

Barista: Bari in sa baki. Dokar sasanci da shiga tsakani ta 2023 ta halatta wani ya ɗauki nauyin shari'a, amma a zaman sasanci ne, wato inda ake yanke hukunci a wajen kotu, kuma ta wajabta a sanar da ɗaya ɓangaren da masu yanke hukunci sunan mai kuɗin da adireshinsa. Kotunan da muke zuwa kullum wannan tanadin bai shafe su ba, sannan kuɗin ɗawainiya da alƙali kan yanke wa wanda ya ci sau da yawa ko rabin na lauya ba ya kaiwa.

Malam Audu: Ku tuna P&ID mana. Kamfanin wajen nan da ya kai Najeriya zaman sasanci kan kwangilar iskar gas, aka yanke wa Najeriya ta biya shi dala biliyan 6.6 a 2017, da ruwa ta doshi biliyan 11, kuma wani kamfanin saka jari ya sayi kaso a cikinsa yana jiran rabo. Sai Oktoban 2023 kotu a Landan ta rusa hukuncin saboda cin hanci, daga baya ta ce kamfanin ya fara ba Najeriya fam miliyan 20 cikin abin da ta kashe a shari'ar. Kamfanin da bai gina komai ba, in ba masu bayansa ba wa zai biya?

Maman Sadiq: Wannan kam na yarda Malam. Amma in mai hali ya san wanda ke tallafa wa marainiya, gobe zai aika masa dattawa ko ya tsorata shi ya janye, shi ne tsorona.

Barista: To alƙali kaɗai ya ga sunan tukuna, ya tambaya ko akwai yarjejeniyar kaso. In akwai sai a faɗa wa kowa.

Baban Ummi: Dillalan nan ba sa rubuta komai fa Barista, da baki ake yi a shago bayan isha'i.