Neman kalma: me za mu kira "isotope" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ranar Juma'a zan gabatar da shirin noma a rediyo, kalma ɗaya ta tsaya mini. Labarin binciken da Amy Bogaard ta Jami'ar Oxford ta jagoranta ne, wanda ya fito a 2013. Sun auna ƙonannun ƙwayoyin alkama da sha'ir daga tsoffin matsugunai 13 a Turai, na tsakanin shekara 5900 zuwa 2400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka gano tun lokacin manoma suna kai taki gona. Hujjarsu naitirojin ce, wani sinadari da ke cikin taki, mai nau'i biyu: mai nauyin 14 da mai nauyin 15. Idan kashin dabba ya jima, marar nauyin ya fi saurin bin iska, mai nauyin ya zauna, shuka ta sha, alamar ta tsaya a ƙwaya ko da ta ƙone. Waɗannan biyun su ake kira isotope.

Malamin Kimiyya: Wa alaikumus salam. Aisotof muke cewa a aji, yara na ganewa. Amma ki ƙara musu wannan: a da, in an ga mai nauyin 15 da yawa a ƙasusuwan mutanen wancan zamani, sai a ce nama suka fi ci. Yanzu ta yiwu hatsin da ya sha taki ne ya ƙara shi.

Dattijon Zaure: Kullum aro! Malam, Hausa ta ƙare ne? Ku ce tagwayen sinadari. Uwa ɗaya uba ɗaya, sai dai ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Hasan 14, Husaini 15.

Malamin Kimiyya: Ranka ya daɗe, sinadarin kabon fa? Akwai 12, 13 da 14.

Dattijon Zaure: Na ukun Gambo ne.

Malamin Kimiyya: Kuza tana da goma waɗanda ba sa rikiɗewa. Sunayen za su ƙare mana.

'Yar Damagaram: Mu nan izotof muka koya a makaranta, naitirojin ɗin taku ma azot muke ce mata. Hajiya, ki tuna muna kama tasharku.

Ɗan Birni: Ai daidaitacciyar Hausa ta Kano ce, sauran bi suke yi.

'Yar Damagaram: Yaya, Ingilishin da aka lanƙwasa a Kano bai fi Faransancin da aka lanƙwasa a Zinder zama Hausa ba.

Malamin Islamiyya: Larabawa naza'ir suke cewa, wato takwarori. Me zai hana mu ɗauka?

Dattijon Zaure: Shi ma aro ne, sai dai aron gidan mutunci.

Malamin Kimiyya: Baba, shi "sinadari" ɗin da ka saka a taka kalmar fa, kana da tabbacin a Hausa aka haife shi?

Dattijon Zaure: Ya daɗe a gidan, ya zama ɗan gida.

Mai Fassara: Don Allah malamai, lokaci. Zan ce aisotof sau ɗaya, in bayyana cewa sinadari ɗaya ne mai nau'o'in da suka bambanta a nauyi. Daga nan sai "naitirojin mai nauyi" da "marar nauyi" har ƙarshen shiri. Manomi dai taki zai ji ya gane.

Dattijon Zaure: To 'yata, shirinki ne. Ni tagwaye zan ci gaba da rubutawa.

'Yar Damagaram: Azot ɗin fa? Ko sau ɗaya ki ambata mana.