Wai waye ya raba Koriya gida biyu, kuma za su taɓa haɗewa kuwa?

Yar_Tambaya:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu bin lamuran duniya ku taimaka min. Koriya ta Arewa da ta Kudu ance mutane ɗaya ne, yare ɗaya, rubutu ɗaya, to wai me ya shiga tsakaninsu har ake cewa yaƙinsu bai ƙare ba har yau? Naji wai shugaban arewa Kim Jong Un yace shi ya haƙura da zancen haɗewa kwata-kwata, abun ya tsaya min a rai sosai. Laifin Amurka da Rasha ne ko su da kansu ne basa son juna? Kuma akwai sauran fata?

Malam_Nazari:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Asalin rabuwar dai ba su suka yi ba. Japan ce ta mulke su tun 1910 har 1945, da ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu sojojin Tarayyar Soviet sun riga sun kunno kai ta arewa, Amurka kuwa hankalinta ya tashi kar su kwashe ƙasar duka, shine aka sa wasu hafsoshi biyu, Dean Rusk da Charles Bonesteel, suka ɗauko taswira cikin dare suka zaɓi layi na 38, ɗaya daga cikin layukan da ke gitta taswirar duniya daga gabas zuwa yamma, a matsayin iyaka saboda birnin Seoul ya faɗo ɓangarensu. Babu ɗan Koriya ko ɗaya a ɗakin, ba wanda aka yi shawara da shi. Ance na ɗan lokaci ne, sai gashi a 1948 an wayi gari da gwamnati biyu, Syngman Rhee a kudu, Kim Il Sung a arewa, kowa na cewa shine mai ƙasar baki ɗaya. Akwai dattijo Kim Ku da ya hango masifar, har Pyongyang babban birnin arewa ya je a 1948 don kar a raba, a 1949 aka harbe shi. Yaƙi ya ɓarke 25 ga Yunin 1950, Amurka ta shigo da tutar Majalisar Ɗinkin Duniya, China ta shigo ta ɗaya ɓangaren, miliyoyin mutane suka mutu, 27 ga Yulin 1953 aka tsagaita wuta a Panmunjom. Tsagaita wuta fa kawai, ba a taɓa sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ba, dalilin da yasa kike jin ana cewa yaƙin bai ƙare ba kenan.

Mai_Gaskiya:
Malam duk abin da ka faɗa haka ne amma ni ban yarda a jibga wa 'yan waje laifin duka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kim Il Sung da ƙafarsa ya je wajen Stalin shugaban Tarayyar Soviet neman izinin kai wa kudu hari, shi kuma Rhee ƙin sa hannu yayi a tsagaita wutar don so yake a ci gaba da yaƙi. Yau ma ko an kwashe sojojin Amurka kusan 28,500 dake kudu gobe da safe, waye zai sauka daga kujera? Gidan Kim yanzu jikan Kim Il Sung, wato Kim Jong Un, ke mulki, sun gwada nukiliya sau 6 daga 2006 zuwa 2017, ba za su miƙa wuya ba. Masu kawo misalin haɗewar Jamus kuma su duba lissafi, Jamus ta Gabas mutum miliyan 16 ce, ta Yamma sama da miliyan 60, kuma duk da haka sun ji jiki. A Koriya kuwa kudu miliyan 51 ne za su ɗauki nauyin arewa mai kusan miliyan 26, ga tazarar arziƙin ta fi ta Jamus nesa ba kusa ba. Matasan kudu da yawa basu san kowa a arewa ba, aikin yi da kuɗin haya ne ya dame su. China ma ba za ta so sojan Amurka ya zo bakin kogin Yalu dake iyakarta da Koriya ta Arewa ba.

Hajiya_Uwar_Gida:
Ku kuna ta lissafin manya, ni tsofaffin nan ne ke bani tausayi wallahi. Sama da mutum 130,000 a kudu suka yi rajista suna neman ganin 'yan'uwansu, ƙuri'a ake yi da kwamfuta a ɗebi kamar ɗari, a kai su dutsen Kumgang dake arewa kwana uku, a zaunar da su a teburi mai lamba, tsohuwa 'yar shekara 90 ta rungume ɗan da ta rabu da shi yana ƙaramin yaro shima yanzu ya yi furfura, ta kawo masa magani da rigar sanyi. Rana ta uku a shiga bas ana miƙo hannu ta taga ana kuka, shikenan, ba waya ba wasiƙa, kuma wanda ya je sau ɗaya baya sake zuwa. Rabon da ayi irin wannan haɗuwa tun Agustan 2018, fiye da rabin masu rajistar sun rasu. Ko ba a haɗe ƙasa ba me zai hana a bar uwa ta yi wa ɗanta wasiƙa?

Yar_Tambaya:
Innalillahi. Hajiya kin sa ni hawaye. To Malam ba a taɓa kusa shiryawa ba kenan?

Malam_Nazari:
An kusa, ba sau ɗaya ba. A 2000 shugaban kudu na lokacin Kim Dae-jung ya je Pyongyang, daga baya aka buɗe masana'antun garin Kaesong na arewa inda kamfanonin kudu ke ɗaukar ma'aikatan arewa sama da 50,000, aka rufe a 2016. A 2018 shugaban kudu na lokacin Moon Jae-in da Kim Jong Un sun riƙe hannu sun tsallaka iyaka tare, amma da taron Trump da Kim ya watse a Hanoi a 2019 komai ya koma baya, a nan nake ce wa Mai_Gaskiya hannun 'yan waje bai fita ba har yanzu, don kudu bata isa ta cire takunkumin da aka sa wa arewa ita kaɗai ba. A 2020 arewa ta tarwatsa ofishin tuntuɓar juna na ɓangarorin biyu dake Kaesong, a 2024 ta rushe ginin alamar haɗin kai dake Pyongyang ta fasa hanyoyin da suka haɗa su. Ni dai bana ganin haɗewa nan kusa, abin da zan so a fara nema shine yarjejeniyar kawo ƙarshen yaƙin, da maganar Hajiya ta wasiƙa da ziyara tun sauran tsofaffin na raye.